Tambayoyi da amsoshi: wai 'yan ƙyamar baƙin nan da ke cin zaɓe a Turai jikokin Musolini ne?

Kusan duk zaɓen da aka yi a Turai 'yan shekarun nan sai ka ji labaran rediyo na cewa jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayi ta ƙara kujeru, daga nan kuma gardama ta kaure, wani ya ce ai Hitila ne ya dawo, wani ya ce a'a mutane ne kawai suka gaji da baƙi. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, wasu amsoshin gajeru ne wasu kuma dole a ja su.

Su waye ake nufi idan aka ce 'yan dama na can ƙurya?

Maganar dama da hagu a siyasa daga majalisar Faransa ta samo asali a 1789, lokacin juyin juya hali, masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu son a sauya komai suka zauna a hagu. Tun daga nan aka riƙa kiran 'yan mazan jiya 'yan dama. Toh su waɗannan da muke magana a kansu sun wuce 'yan mazan jiya na gama-gari, su ne na can ƙarshen layi. Abun da ya haɗa su shine cewa ƙasa ta 'yan asali ce kawai, baƙo barazana ne, gwamnati ta sa ƙarfi sosai wajen hukunci, sannan 'yan boko da 'yan siyasar babban birni sun ci amanar talaka. Masana kamar Cas Mudde suna raba su gida biyu, akwai waɗanda suka yarda da zaɓe amma ba su son kotu da jarida da haƙƙin tsiraru su taka musu birki, akwai kuma waɗanda dimokuraɗiyyar ce gaba ɗaya ba su so. Yawancin masu cin zaɓe yanzu a gidan farko suke.

Shi kuma fasizim ɗin menene?

Da farko dai ba fasiƙanci ba ne, don na sha jin ana haɗa su. Kalmar daga Italiya take, asalinta wani damin sanduna ne da ake ɗaurewa da gatari a tsakiya wanda ake ɗauka a gaban manyan mahukunta a tsohuwar daular Rum, kamar dai mu ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, sai dai ita wannan tsintsiyar da gatari a cikinta. Benito Musolini ya kafa ƙungiyarsa a Milan a watan Maris na 1919, yana da 'yan banga masu baƙaƙen riguna waɗanda aikinsu dukan 'yan ƙwadago da 'yan gurguzu da ƙona ofisoshinsu, a Oktoban 1922 ya zama firaminista, a 1924 mutanensa suka kashe ɗan majalisa Giacomo Matteotti da ya fallasa maguɗin zaɓe, kafin ƙarshen 1926 babu sauran jam'iyyar adawa a ƙasar.

Zuciyar aƙidar ita ce al'umma ta ruɓe, maƙiya na ciki da na waje ne suka ruɓar da ita, kuma ba za ta farfaɗo ba sai da shugaba ɗaya, jam'iyya ɗaya, da zubar da jini. Su ba sa ɗaukar tashin hankali a matsayin abun kunya, abun alfahari ne a wajensu, yaƙi kuma wanka ne da ke tsarkake ƙasa. Nazin Jamus sun ɗauki wannan suka ƙara masa aƙidar fifikon jini, wadda ta kai ga kisan Yahudawa miliyan 6.

Yaushe wannan sabon yayin ya taso?

Ya daɗe yana tsiro amma 'yan shekarun nan ya yi toho. A 2002 da Jean-Marie Le Pen ya kai zagaye na biyu a zaɓen shugaban Faransa ƙasar ta girgiza, kowa ya taru a bayan Jacques Chirac ya ci da kashi 82. Shekara 20 bayan nan 'yarsa Marine Le Pen ta samu sama da kashi 41 a zagaye na biyu kuma ba wanda ya yi mamaki. A Jamus jam'iyyar AfD da aka kafa a 2013 don adawa da kuɗin yuro ta shiga majalisar tarayya a 2017 da kashi 12.6, a Fabrairun 2025 ta zo ta biyu da kashi 20.8. A Italiya jam'iyyar Giorgia Meloni ta tashi daga kashi 4 a 2018 zuwa kashi 26 a 2022, ita kuma ta zama firaminista. Geert Wilders ya zo na ɗaya a Holan a 2023 da kujeru 37 cikin 150, jam'iyyar FPÖ mai irin wannan ra'ayi ta zo ta ɗaya a Ostiriya a 2024. Har Suwidin da ake ganin ba ruwanta, masu wannan ra'ayi sun zo na biyu a 2022.

Toh a taƙaice, 'yan fasist ne ko ba su ba ne?

Nan ne fa ba a taƙaitawa. Idan ka ɗauki ma'aunin Musolini ka auna Marine Le Pen ko Wilders za ka ga abubuwa da yawa babu. Ba su da rundunar 'yan banga mai kaki da ke yawo tana karya ƙafafun 'yan adawa, ba sa cewa za su soke zaɓe, ba sa kiran a je a mamaye ƙasar wani, hasali ma abun da suke so shine a rufe ƙofa a zauna a gida. Fasizim na asali ya fito ne daga ramukan yaƙin duniya na ɗaya, miliyoyin samari sun dawo daga fagen daga sun saba da kisa ga ba aiki, ga kuma masu kuɗi suna rawar jiki saboda juyin gurguzu na Rasha na 1917. Yanzu babu wannan yanayin, masu zaɓarsu da yawa ma'aikatan ƙananan garuruwa ne. Kuma Musolini yana wa'azin sabon mutum ne da sabuwar duniya, su kuwa na yanzu kewar jiya suke sayarwa, a koma lokacin da masana'anta ke aiki kuma maƙwabci fari ne.

Amma fa idan ka ce don haka babu alaƙa ka yi gaggawa. Labarin da suke bayarwa iri ɗaya ne, an ci amanar ƙasa, akwai baƙon da ke cinye mu daga ciki, akwai maciya amana a sama da suka buɗe masa ƙofa, mu ne kaɗai muryar al'umma ta gaskiya. Shi yasa masanin tarihi Enzo Traverso yake kiransu da sunan da ke nufin na bayan fasizim, wato sun fito daga wancan gidan, sun bar shi, amma ba a san inda za su sauka ba tukuna. Ni dai a ganina tambayar ko fasist ne ko ba fasist ba tana cinye lokaci fiye da kima, gara a duba me suke yi da kotu idan sun hau, me kuma suke yi ranar da suka faɗi zaɓe.

Akwai dai waɗanda babu ko tantama a kansu. Golden Dawn ta Girka ta shiga majalisa a 2012 da kusan kashi 7, mutanenta na sara irin ta Nazi suna farautar baƙi a unguwannin Atens, a 2013 ɗan jam'iyyar ya daɓa wa mawaƙi Pavlos Fyssas wuƙa ya mutu, a Oktoban 2020 kotu ta ce jam'iyyar ƙungiyar masu aikata laifi ce aka ɗaure shugabanninta.

Akwai wata alaƙa ta asali, ko kamanni ne kawai?

Wasu kam akwai, har da takarda. Bayan an kashe Musolini a 1945, magoya bayansa suka kafa jam'iyyar MSI a Disamban 1946, tambarinta harshen wuta mai launin tutar Italiya. Meloni ta shiga reshen matasan MSI tana 'yar shekara 15, kuma har yau wannan harshen wutar yana jikin tambarin jam'iyyarta ta Fratelli d'Italia da aka kafa a 2012. Jam'iyyar Le Pen da aka kafa a 1972 ita ma wutar MSI ta kwaikwaya, cikin waɗanda suka kafa ta har da wanda ya yi aiki a rundunar SS ta Hitila. Shugaban FPÖ na farko a 1956, Anton Reinthaller, tsohon jami'in SS ne.

Su dai suna cewa sun yi wanka. Marine ta kori mahaifinta daga jam'iyya a 2015 saboda ya ƙi daina cewa ɗakunan gas da aka kashe Yahudawa ƙaramin abu ne a tarihin yaƙi, a 2018 ta sauya wa jam'iyyar suna. Meloni ta faɗa a majalisa a 2022 cewa ba ta taɓa ƙaunar fasizim ba. Masu suka kuma na cewa an dai canza wa tuwo suna, suna nuna hotunan da 'yan jarida suka ɗauka a ɓoye a 2024 na matasan jam'iyyarta suna ɗaga hannu irin sarawar Musolini. AfD ita tata tafiyar a juye take, ta fara da malaman tattalin arziki masu ƙorafin yuro sai take ƙara zafi, har wata kotu a 2019 ta ce ba laifi ba ne a kira jagoranta na jihar Turinjiya, Björn Höcke, ɗan fasist, a 2024 kuma aka ci shi tara don amfani da taken 'yan bangar Nazi.

Me ya sa talakawa ke zaɓarsu?

Ba abu ɗaya ba ne. Rushewar tattalin arziki ta 2008 da tsuke bakin aljihun da ya biyo baya sun bar mutane da yawa da jin cewa an ceci bankuna an bar su. Masana'antu sun rufe a arewacin Faransa da gabashin Jamus, garuruwan da a da 'yan gurguzu da 'yan ƙwadago ke ci ba hamayya yanzu Le Pen ke ci. Sai 2015 ta zo, 'yan gudun hijira kusan miliyan ɗaya suka shiga Jamus, ga hare-haren Paris na wannan shekarar, sai tsadar haya da wuta da abinci bayan korona da yaƙin Yukren. Manyan jam'iyyu na dama da hagu sun zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, wanda duk ka zaɓa abu ɗaya zai maka. Toh sai ga wani ya zo da bayani mai sauƙi, ga wanda ya cinye maka gida da layin asibiti. Wani abun lura shine sau da yawa sun fi samun ƙuri'a a inda baƙin ma ba su da yawa, gabashin Jamus misali, wanda ke nuna tsoron ya fi haɗuwar ido da ido ƙarfi. Soshiyal midiya kuma ta sauƙaƙa musu, bidiyon daƙiƙa 30 mai tunzurawa ya fi bayanin kasafin kuɗi tafiya.

Me ya sa kullum Musulmi suke sa wa ido?

Saboda gurbin da Bayahude ya cike a shekarun 1930 yanzu Musulmi da baƙar fata aka saka a ciki. Bayan kisan kiyashin Nazi ƙin Yahudawa a fili ya zama abun da ke kashe ɗan siyasa a Turai, shi yasa za ka ga da yawansu yanzu suna rige-rigen nuna goyon bayan Isra'ila. Kuma sun daina maganar jini sun koma maganar al'ada, ba za su ce maka fari ya fi baƙi ba, za su ce al'adunku ba sa haɗuwa da namu, har ma su ce 'yancin mata suke karewa. Wilders ya yi shekaru yana kiran a haramta Alƙur'ani a rufe masallatai.

Akwai wata tatsuniya da marubucin Faransa Renaud Camus ya yaɗa tun 2011, wai manya sun shirya maye gurbin Turawa da Musulmi da 'yan Afirka. Wannan magana ta fita daga takarda ta shiga bindiga. Wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch ta Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 sunan wannan tatsuniyar ya sa wa takardar da ya wallafa, wanda ya kashe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a Buffalo ta Amurka a 2022 shi ma da ita ya kafa hujja. Jam'iyyun za su ce ba ruwansu da masu harbi, kuma a shari'ance haka ne, amma kalmomin daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. A Ingila a 2024 ƙarya kawai aka yaɗa cewa wanda ya kashe yara mata uku a Southport Musulmi ne mai neman mafaka, kafin gaskiya ta fito an far wa masallaci an yi yunƙurin cinna wa otal ɗin 'yan gudun hijira wuta.

Trump fa?

A kansa masana suka fi rabuwa. Robert Paxton, wanda ya shafe shekaru da yawa yana nazarin fasizim, ya daɗe yana ƙin kiran Trump ɗan fasist, amma bayan magoya bayan Trump sun kutsa majalisa ranar 6 ga Janairu 2021 don hana tabbatar da zaɓen da ya faɗi sai Paxton ya sauya ra'ayi. John Kelly, janar ɗin da ya yi wa Trump shugaban ma'aikatan fada, ya faɗa a 2024 cewa ya cika siffar. Wasu masanan kuma na cewa ba shi da aƙida ko jam'iyya mai tsari irin ta Musolini, ɗan kasuwa ne mai son mulkin kama-karya, kuma Amurka na da nata tsohon ciwon na wariyar launin fata ba sai an aro na Italiya ba. A Barazil ma magoya bayan Jair Bolsonaro sun kwaikwayi abun ranar 8 ga Janairu 2023, sai dai shi kotun ƙoli ta yanke masa ɗaurin shekara 27 a 2025 kan shirya juyin mulki.

In dai da ƙuri'a suka zo ai dimokuraɗiyya kenan, ina matsalar?

Matsalar ita ce na da ɗin ma ba da tankar yaƙi suka shigo ba. Musolini kujeru 35 kacal yake da su cikin 535 lokacin da sarki Victor Emmanuel na Uku ya kira shi ya ba shi gwamnati. Nazi sun tashi daga kashi 2.6 a 1928 zuwa kashi 37 a Yulin 1932 bayan mutum miliyan 6 sun rasa aiki, ba su taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba, 'yan mazan jiya irin su Franz von Papen ne suka lallaɓa shugaba Hindenburg ya naɗa Hitila ranar 30 ga Janairu 1933, a tunaninsu sun ɗauki ɗan aiki ne da za su juya. Wata biyu bai cika ba ya karɓe ikon yin doka ba tare da majalisa ba. An ba kura ajiyar nama kenan. Shi yasa a Jamus ake ta faɗa kan abun da suke kira katangar wuta, wato alƙawarin sauran jam'iyyu na ƙin haɗa gwamnati da AfD.

Salon zamani kuma a Hangari aka fi ganinsa. Viktor Orbán ya dawo mulki a 2010 da kashi biyu bisa uku na majalisa, ya rubuta sabon tsarin mulki, ya rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62 don a samu gurbin nasa, ya sake yanka mazaɓu, a 2018 aka tattara ɗaruruwan kafafen labarai a ƙarƙashin wata gidauniya ta makusantansa. Ba a rufe majalisa ba, ba a soke zaɓe ba, filin wasan kawai aka karkatar. Wanda ya san siyasar jihohinmu da yadda ake zaɓen ƙananan hukumomi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Meloni ta hau tun 2022, ina abun da aka ce zai faru?

Gaskiya bai faru yadda aka zuzuta ba. Ta zauna lafiya da Tarayyar Turai da NATO, ta goyi bayan Yukren. Ta yi alƙawarin toshe teku da jiragen yaƙi, amma a 2023 sama da mutum 150,000 suka sauka a gaɓar Italiya, kuma gwamnatinta ce ta amince da bizar aiki 452,000 na shekara uku saboda gonaki da gidajen kula da tsofaffi ba sa tafiya sai da baƙi. Inda ta matsa shine takura wa jiragen agaji masu ceto a teku, da yarjejeniya da Tunisiya, da sansanonin tsare baƙi a Albaniya waɗanda kotuna suka yi ta taka wa birki. Babbar nasararsu ma ba a kujera take ba, ita ce yadda jam'iyyun tsakiya suka ari bakinsu suna cin albasa da shi, maganar da a 2002 sai Le Pen ke iya faɗa yanzu minista ke faɗa.

Mu da ke nan me ya shafe mu?

Fasizim a Afirka ya fara gwada haƙoransa. Sojojin Musolini ne suka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931 bayan sun tsare kusan mutum 100,000 na yankin Barƙa da ke gabashin ƙasar a sansanoni, su ne kuma suka mamaye Habasha a 1935 da iskar guba. Sojojin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga Italiya a 1941 suka nausa Habasha.

Na yau kuma, duk wanda ya san Agadas ya ga tasirin. Matsin lambar Turai ce ta sa Nijar ta aiwatar da dokar 2015 ta hana jigilar baƙi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, matafiya suka koma bin hanyoyin sahara da ba rijiya, sai a Nuwamban 2023 sojoji suka soke dokar. A garin Macerata na Italiya a 2018 wani tsohon ɗan takarar jam'iyyar Lega mai adawa da baƙi ya bi titi yana harbin baƙaƙen fata ya raunata 6, ya yafa tutar ƙasa ya yi sarawar fasist kafin a kama shi. Takunkumin shiga Amurka na Trump ya taɓa Sudan da Chadi a 2017, Najeriya a 2020, ya sake dawowa kan Chadi da Sudan a 2025. Ga ɗalibai da ma'aikatan jinya da kullum dokar biza ke sauyawa a kansu.

Turawa ne kaɗai ke da wannan ciwon?

Ina! Indiya na da ƙungiyar RSS ta masu kishin Hindu tun 1925, uwar gidan jam'iyyar Modi. Shugaban Tunisiya Kais Saied a Fabrairun 2023 ya ce zuwan baƙaƙen fata makirci ne na sauya al'ummar ƙasarsa, tatsuniyar Camus ce aka fassara. Afirka ta Kudu na da Operation Dudula, ƙungiyar masu neman a kori baƙi. Gana ta kori baƙi a 1969 har da Hausawan zango da aka haifa a can, Najeriya ta rama a 1983. Laifi tudu ne.

Me zai hana a haramta su kawai a huta?

Jamus na da dokar yin hakan kuma ta yi sau biyu, a 1952 kan wata jam'iyyar magadan Nazi, a 1956 kan 'yan gurguzu. An gwada a kan NPD, wata jam'iyya mai ra'ayin Nazi, sau biyu abun bai yiwu ba, a 2003 shari'ar ta rushe saboda an gano 'yan leƙen asirin gwamnati sun yi yawa a cikin shugabancin jam'iyyar, a 2017 kuma kotun tsarin mulki ta ce eh manufarta ta saɓa wa tsarin mulki amma ta yi ƙanƙanta da za ta iya cutarwa. Da AfD kuma abun ya juye, a Mayun 2025 hukumar tsaron cikin gida ta ayyana ta a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, jam'iyyar ta garzaya kotu aka jingine ayyanawar, kuma masu adawa da haramcin na tambayar yadda za a soke jam'iyyar da mutum ɗaya cikin biyar ya zaɓa, sama da mutum miliyan 10, waɗanda gobe ma suna nan da katin zaɓensu.